Ashta Gamar da Matan Hanyar Itace

Ashta Gamar ƙanwar mahaifiyata ce. Hala nake ce mata, yadda muke kiran 'yar'uwar uwa, amma yanzu sunan ya bi sansaninmu na 'yan gudun hijira gaba ɗaya, har tsofaffin da suka girme ta Hala suke cewa. Gajera ce mai faɗin kafaɗa, hannuwanta sun yi kauri da cuɗa yumɓu, leɓenta na ƙasa kuma ba ya rabuwa da garin taba. In ta ɗaga murya a bakin famfo, masu layin asibiti sai sun waiwayo.

Mu gidan maƙera ne. Maza ƙira, mata ginin tukwane. A ƙauyenmu, kudu da birnin Junaina, unguwarmu can bayan kasuwa take. Kowa a wajenmu yake sayen fartanya da randa, amma ba mai neman auren 'yarmu, ba mai sa hannu kwano ɗaya da mu. Hala ba ta taɓa barin wannan ya tsaya mata a rai ba. Tana budurwa ta taɓa miƙa wa matar wani ɗan kasuwa ruwa, matar ta kau da kai. Hala ta shanye ruwanta, ta gaya mata randar da ke ƙuryar ɗakinta da wannan hannun aka gina ta, kuma da ruwan shafe ya ƙare, da yawu aka ƙarasa bakin. Kakata ta yi mata dukan tsiya a kan maganar, amma har ta rasu in ta tuna sai ta yi dariya.

Ta auri Dahiya, maƙeri mai shiru-shiru, wanda ake cewa Allah ne ya haɗa su don gida ɗaya ba zai ɗauki baki biyu irin nata ba. A yaƙin farko aka ƙone ƙauyen, aka kashe shi a bakin maƙerarsa. Ta ɗauki ɗanta Ishak ta zauna shekaru a sansanin da ke gefen Junaina, tana gina tukwane tana ciyar da shi har ya zama mutum. Da yaƙi na biyu ya zo muka fito da ƙafa, ni da yarana da ita da Ishak. Mijina ya tsaya baya, har yau ba labarinsa. A hanyar Adre, garin da ke ƙetaren iyaka, harsashi ya sami Ishak a baya. Ba a bari mun binne shi ba. Hala ta rufa masa mayafinta, ta ɗauki autana ta goya, muka ƙetara iyaka zuwa Chadi. Ban ga hawayenta a hanya ba. Sai da muka isa, ta sauke yaron, ta ga an ba shi ruwa ya sha, sannan ta juya mana baya ta yi kukanta.

Mun yi watanni a Adre ƙarƙashin zannuwan da muka ɗaura a kan sanduna, sannan manyan motoci suka kwashe mu zuwa sabon sansani cikin daji. Aka ba mu tantuna, aka haƙa famfo, ana raba dawa da wake da mai. Abin da ba a raba ba shi ne abin dafawa, wake kuwa cin wuta gare shi. Ba a daɗe ba muka tsince duk wani kara da kirare da ke kusa. Sai tafiya gindin dutse, inda mace za ta fita da sassafe ba ta dawo ba sai la'asar.

Mutanen ƙauyen da ke ƙetaren rafi ba su ji daɗin zuwanmu ba, kuma suna da gaskiyarsu, itatuwansu ne. Amma ba su ne babban abin tsoro ba. Akwai masu zuwa a kan babur, fuska naɗe da rawani sai idanu. Namiji in sun kama shi duka ne ko kisa. Wani dattijo a layinmu da ya gwada zuwa, a kan jaki aka dawo da shi da karyayyen haƙarƙari. Don haka mata ke zuwa. Abin da ke samun mata kuwa ba a faɗa. Mace za ta dawo ba itace ba gatari, ta ce korar ta aka yi. Sai a daina ganin ta a famfo, in an tambaya a ce zazzaɓi ne.

Ko a nan ma a bakin sansani aka kafa mana tantunanmu, mu maƙera, don haka duk mai dawowa daga daji ta bayanmu take wucewa. Wata rana da la'asar ina tankaɗe, na ga Hala ta ajiye abin da take yi ta zagaya bayan tanti. Na bi ta. Hawaya ce zaune a ƙasa, matar Bahar na layi na gaba, yarinya mai goyo. Ba takalmi a ƙafarta, rigarta a yage daga kafaɗa, nono ya jiƙa gabanta. Ba kuka take ba. Ƙasa kawai take kallo.

Hala ba ta tambaye ta komai ba. Ta ja ta ciki, ta ba ta ruwa, ta cire mata ƙayoyin ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Sai da ta gama ta gaya mata a hankali cewa akwai magani a asibiti mai tare ciki da mugun ciwo, amma sai an sha kafin kwana uku su wuce. Tun sansanin Junaina ta san wannan. Hawaya ta ce gara ta mutu da ta tsaya a layin nan kowa na kallon ta yana saƙe-saƙe.

Sai Hala ta jawo tsumma ta naɗe hannunta na dama har gwiwar hannu, ta shafa masa toka da mai, ta ce mini, Toma, ba ta mayafinki da silifas.

"Tashi ki riƙe ni," ta ce wa Hawaya. "Ni ce mara lafiya, wuta ta ci mini hannu. Ke rakiya kika yi."

Haka suka ratsa sansanin, Hala na nishi tana tsine wa tukunyar da ta ƙona ta, mutane na yi mata sannu. Ungozomar asibitin, wata 'yar kudancin Chadi da Larabcinta ke ba mu dariya, ta kwance tsumman ta ga hannu lafiya lau. Ta dubi Hala, ta dubi yarinyar, ta tashi ta saki labule.

Maganar ba ta ɓoyu ba, don waɗanda suka tafi tare da ita sun ga lokacin da aka ware ta. Bahar ya daina cin abincinta, ya koma kwana a rumfar masallaci, yayyensa na zuga shi ya sake ta. Hala ta jira shi a hanya ranar Juma'a bayan an sauko, inda ba kowa sai ni da ke riƙe mata jarka.

"Bahar, ɗana, asidar da kake ci tun zuwanmu nan, da me ake tuƙa ta?"

Ya ce da wuta mana.

"Wutar daga sama take saukowa?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ka san abin da ke gindin dutsen nan, shi ya sa ba ka zuwa. Ban ga laifinka ba, kashe ka za su yi. Amma ita ta je a madadinka, ka ci, ka sha shayi, ka yi gyatsa. Yau abin da ka guje wa ya faɗa mata, sai ka ce ita ce ta ɓaci?"

"Hala, mutane za su yi ta magana."

"Ni tun ranar sunana mutane ke magana a kaina. Dube ni da kyau, ka ga na rame?"

Bai yi dariya ba. Amma bai saki Hawaya ba. Ya daɗe kafin ya iya kallon ta ido da ido, ita ma ta daɗe kafin ta yafe masa kwanakin masallacin nan. Sai dai ya koma tantinsa, kuma shi ke riƙe jaririn duk ranar da za ta koma ganin ungozoma.

A makon ne Hala ta ɗauki fartanya ta bi busasshen rafin nan tana tono tana ɗanɗana ƙasa a harshe, har ta sami yumɓu mai kyau a wata kwana. Ta haɗa shi da kashin jaki da ƙaiƙayi, ta bar shi ya kwana, ta gina murhu. Ba irin na duwatsu uku da iska ke kwashe wutarsa ba. Wannan zagayayye ne, tukunya na zama a cikinsa daram har wuya, da ɗan baki ɗaya na tura icce. Wasu ma'aikatan agaji ne suka koya musu a sansanin Junaina, ita kuma ta yi ta gyara shi da idon mai ginin tukwane. Damin itace ɗaya sai ga shi yana ninka kwanakinsa.

Nufinta a fili yake: in itace ya daɗe, zuwa daji ya ragu. Mata suka zo kallo, suka yaba, amma da aka ce a sa hannu sai kowacce ta ja baya. Matar Shehu Yakub, shugaban layinmu, ta ce ita 'yar manoma ce, ba a san gidansu da cuɗa kashin jaki ba. Ashta ta gina mata kawai ta biya ta.

"Ba na sayarwa ba ne, uwargida," in ji Hala. "Tsohuwa da makauniya zan gina wa. Ke hannu biyu gare ki, kuma na ga kina wanke wa jikanki abin da ya fi na jaki wari."

Hawaya ce ta fara durƙusawa ta tsoma hannu. Wasu suka bi ta. Matar Shehu ta zo daga baya, da safe kafin a taru, ta ce don dai hayaƙi na damun idon maigida ne. Wasu murhunan sun tsage, ruwan farko ya narkar da da yawa, aka sake ginawa ƙarƙashin rumfa. In rana ta take, Hala kan tuƙa asida, tuwonmu na dawa, ta ajiye a tsakiya ba ta ce wa kowa bismilla ba. Wasu su ci, wasu su ce sun ƙoshi. Ba ta taɓa ɗaga kai ta ga wace ce wace ba.

Ginin murhu aikin zama ne, hannu na motsi ido na ƙasa, kuma a irin wannan zaman ne baki ke buɗewa. A nan muka gane Hawaya ba ita kaɗai ba ce, ba kuma ta biyu ko ta uku ba. Akwai uwa da 'ya da aka yi wa fyaɗe a lokuta dabam, kowacce na ɓoye wa ɗayar. Hannun Hala ya yi ta ƙonewa, har maza suka fara yi mata tsiya wai tsufa ya sa ta manta wuta na da zafi. Daga baya ungozomar ta sa aka kafa wata rumfa a bayan asibiti, aka zuba kekunan ɗinki da tabarmi, kowace mace na iya shiga ba a san abin da ya kai ta ba. Daga nan hannun ya huta.

Amma murhu bai hana zuwa daji ba, rage shi kawai ya yi. Hala ta je wajen Shehu Yakub ta nemi maza su riƙa rakiya. Aka yi taro. Mazan suka ce da me za su tari mai bindiga, da carbi? Jandarmomi sun yi rakiya 'yan lokuta, ranar da motarsu ke da mai. Hala ta dawo daga taron tana tofar da taba, ta zauna ta yi ta kallon hayaƙin ƙauyen ƙetare. Washegari ta fara gina randuna.

Da suka gasu, ranar kasuwar ƙauyen, ta ari jaki muka ɗora biyu muka tafi, ni da ita. Tun daga bakin kasuwa ake binmu da harara. Wata ƙatuwar mata mai sayar da busasshiyar kuɓewa ta tashi ta tare mu. Zenaba ke nan, yayar mai garin, wadda matan ƙauyen ba sa ƙetare maganarta. Ta ce mun cinye musu daji kamar fara, yanzu kuma mun zo cin kasuwa. Hala ta ce gaskiya ne mun ci, kuma yunwar ba ta sake mu ba tukuna. Ta sauke randa ɗaya ta ajiye a gabanta, ta ce ta zuba ruwa ta sha bayan azahar, in bai yi sanyi ba ta fasa mata ita a ka. Zenaba ta ƙwanƙwasa randar da ɗan yatsa ta kasa kunne. Ta ce tun da tsohuwar da ke musu gini ta rasu ba ta ji randa mai wannan muryar ba.

Daga randa aka koma maganar murhu. Hala ta gina ɗaya a tsakar gidan Zenaba, da ya bushe muka koma suka yi gasa a gaban matan ƙauyen: Zenaba a kan duwatsunta uku, Hala a kan nata, wake daidai wa daida. Zenaba ta ƙone itacenta tas waken na garas-garas. Hala ta sauke nata, ta ɗora shayi da ragowar wutar. Zenaba ta ce ai tun jiya aka jiƙa waken, Hala ta ce daga buhunki aka ɗebo shi ɗazu, sai dai in ke kika jiƙa mini. Aka yi dariya. Sannan Zenaba ta tambayi abin da za ta karɓa in ta koya wa matansu.

"Rakiya," in ji Hala. "Ranar da za ku itace ku biyo ta bakin sansani mu tafi tare. Masu tare mu fuska a rufe suke zuwa, mu baƙi ne, ba mu san kowa ba. Ku kuwa kun san tafiyar kowane yaro a ƙasar nan."

Fuskar Zenaba ta canza. "'Ya'yanmu kike nufi ke nan?"

"Ban ce ba, 'yar'uwa. In ba naku ba ne, ku ne za ku fara ganewa."

Na ɗauka korar mu za a yi. Zenaba ta daɗe tana juya kofin shayi a hannunta. Sannan ta sallami 'yan matan da ke wurin, ta ce da murya ƙasa-ƙasa, 'yar ƙanwarta ma bara ta dawo daga gindin dutsen nan ba gatari, kuma har yau ba a yi maganar a gidansu ba. Ta yarda, bisa sharaɗi: busasshe kawai za mu ɗauka, ba mai sa gatari a ɗanyen icce, aduwa kuwa ko reshenta kada a taɓa. Hala ta ce duk wadda ta saɓa, ita da kanta za ta karɓe gatarin.

Daga nan Litinin da Alhamis suka zama ranakun itace. Da farko su a gaba mu a baya, ba mai ce wa wani uffan. Sannu a hankali layin ya cakuɗe. Suna mana dariyar yadda muke jan magana, muna musu dariyar shayinsu da sukari ya fi ruwa yawa, in an zauna hutawa a inuwa kisirarmu, wato siririyar wainarmu ta dawa, ta bi hannunsu, gyaɗarsu ta bi namu. Hala a kan jaki take zuwa saboda gwiwoyinta, Zenaba a ƙasa tana yi mata gori wai sarauniyar tukwane. Masu agaji suka raba mana usur. Hala ta kafa doka ɗaya, ta yi ta maimaita ta har muka gaji: in an ji usur ba gida za a gudu ba, wajen usur ɗin za a gudu. Ta sa muka yi ta gwadawa a filin ƙwallo, mata masu jiki na haki, masu wucewa na tsayawa kallo.

An yi watanni lafiya. Ranar da abin ya zo rana tsaka ce, mun bazu cikin kwari kowacce na ɗaure daminta. Sai usur daga can ƙarshe, inda wasu 'yan mata suka ɗan yi nisa. Kafin in miƙe Hawaya ta wuce ni a guje da gatari a hannu. Na bi ta.

Mutum biyu ne da babur, rawani har hanci, ɗaya da bindiga. Sun riga sun ware yarinya ɗaya, mai bindigar ya sauka ya riƙe mata wuyan hannu. Da suka ɗaga kai sai suka ga mata na ɓullowa ta kowane lungu na kwarin, ba ihu, sai haki da ƙarar silifas. Muka zagaye su muka tsaya. Ya saki yarinyar ya ɗana bindigar. Na ji ƙarar har cikin haƙorana.

Zenaba ta ratso ta tsaya, hannu a ƙugu. Ba mai bindigar ta kalla ba. Mai tuƙin ta ƙura wa ido, shi da babur ɗin.

"Tahir," ta ce, kamar mai kiran yaro cin abinci. "Sauke rawanin nan, zafi ake yi. Babur ɗin kawunka ne, da shi ake kawo mini kuɓewa. Uwarka Mariyoma ta san inda kake?"

Kafaɗunsa suka saki. Mai bindigar ya daka masa tsawa, ya juya bakin bindigar wajen Zenaba. A lokacin ne Hala ta iso, jakinta ya ƙi sauri. Ta sauko da ƙyar, ta taka har gaban tayar babur ɗin, ta zauna dirshan a ƙasa, ta kwance ƙullin tabarta ta zuba a leɓe. Ta gaya wa mai bindigar harsashinsa ba zai ishe mu ba, kuma duk wadda ta rage ta ji sunan abokinsa. Matan ƙauyen suka fara kiran sunan ɗaya bayan ɗaya, Tahir ɗan Mariyoma, a hankali, ba da faɗa ba. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka a haka ba. Tahir ne ya fara ja da babur baya da ƙafafunsa. Muka buɗe musu hanya, ɗayan ya haye, suka tafi.

Sai da ƙarar ta ɓace Hala ta ce a zo a ɗaga ta, ƙafafunta sun ƙi. Da na kama ta na ji duk jikinta rawa yake. Ta raɗa mini cewa in na gaya wa kowa sai ta cire mini kunne.

Abin da ya biyo baya ya fi wannan wuya. A ranar Zenaba ta kai magana gaban ƙaninta mai gari. Mariyoma ta zo ƙofar gidanta tana birgima tana cewa ta sayar da ɗan gari saboda baƙi, rabin ƙauyen suka daina gaishe ta. Duk da haka mai gari ya miƙa Tahir ga jandarmomi. Mai bindigar ba ɗan yankin ba ne, ba a sake ganin sa ba.

Dangin Tahir suka aiko dattawa wajen Shehu Yakub da tayin awaki, a rufe magana. Shehu ya so a karɓa. Ya ce mu baƙi ne a ƙasar mutane, zaman lafiya ya fi mana, kuma ba da mugun nufi ya faɗa ba. Jandarmomi suka ce ba za su iya riƙe Tahir ba in babu wadda ta fito ta ce ni aka yi wa. Ungozomar ta ja kunnen kowa, har Hala, cewa kada a matsa wa kowace mace, mai abin ita ke da ta cewa. Hala ta kama bakinta, abin da ban taɓa ganin ta yi ba. Ta wuni tana cuɗa yumɓun da ya riga ya cuɗu.

Hawaya ce ta zo da kanta. Ta ce ta gane Tahir tun a kwari. Akwai tabon ƙuna a bayan hannunsa na hagu, da hannun ya toshe mata baki ranar nan. Ta ce ita ba ta son akuya. Ranar da za ta ba da shaida, Bahar ya sa farar jallabiyarsa ɗaya tilo, ya ɗora yaron a kafaɗa, ya bi ta a baya har ofishin, ta gaban yayyensa da ke zaune a rumfa. Bayanta wasu mata biyu suka fito, ɗaya 'yar ƙauyen ce. Aka tafi da Tahir birni, aka yanke masa ɗauri.

Ba zan ce an daina ba. Har yanzu macen da rashi ya kora daji ita kaɗai a wata rana dabam tana cikin haɗari, kuma akwai abin da ke faruwa cikin tantuna da usur ba ya kaiwa. Amma a ranakun itace ba a sake taɓa kowa ba. Maza suka fara biyo mu, da farko Bahar shi kaɗai da keken jaki, daga baya har yayyensa. Waɗanda suka daina gaida Zenaba sun dawo ɗaya-ɗaya, da suka ga 'ya'yansu mata na dawowa da itacensu da gatarinsu. Mariyoma dai har yau in sun haɗu a kasuwa sai ta tofar da yawu.

Bana yaƙi ya sake koro mutane, aka buɗe wani sansani can kudu, tafiyar wuni a mota. Masu agaji suka zo neman Hala ta je ta koya wa matan can. Ta ce murhu kowa zai iya koyarwa, Hawaya ma ta fi ta iya gyara baki yanzu. Abin da ake bukata a can shi ne wadda za ta shiga ƙauyukan kusa ta yi magana da matansu a matsayin 'yar ƙasa, don haka ba inda za ta sai da Zenaba. Zenaba ta ce wa zai kula mata da kuɓewa, ta yi ta ja, sannan ta riga Hala isa wajen mota da ƙullin kayanta.

Rabin sansanin ya fito rakiya, matan ƙauye ma suka ƙetaro rafi. Su biyun suka tsaya gardama a kan kujerar gaba, Hala na cewa gwiwa, Zenaba na cewa ƙiba, har direban ya kashe mota ya sauka ya sha shayi. A ƙarshe dukansu suka matsu a gaba, shi ya takure a jikin ƙofa. Hawaya ce ke jan ayarin itace yanzu, rumfar murhu kuma ta dawo hannuna.

Shekaranjiya Hala ta aiko mini da saƙon murya ta wayar wani ma'aikaci. Ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya da sunansu. Ta ce yumɓun can yashi ya yi masa yawa, ruwan famfonsu ɗanɗanon ƙarfe gare shi, Zenaba kuma minshari take kamar injin niƙa. Ta ce sun shiga ƙauye biyu, ɗaya ya ba su shayi, ɗaya ya kore su, kuma za su koma wanda ya kore su ranar kasuwa.